Ɗan Ragon da Na Shafa wa Humra

Duk sanda hunturu ya fara janye jiki daga Makka, duwatsu suka ɗan yi kore bayan yayyafi, zuciyata takan koma wata 'yar gona a bayan gari. Abbanmu yana da shago a unguwar Zahir, amma ransa yana wurin tumakinsa bakwai da yake kiwo a gonar don sha'awa kawai. Ran Alhamis sai ya kwashe mu daga gidanmu na Rusaifa, har da mahaifiyarsa da muke kira Sitti, mu tafi mu kwana biyu.

Ina shekara tara aka yi abin. Baƙar tunkiyar da Abba ya fi ji da ita ta haifi ɗa namiji, jikinsa baƙi, kansa fari kamar an ɗaura masa rawani. Ina ganinsa kwance cikin ƙasa da majina, tausayi ya kama ni. Na faki idon mutane na ɗauke shi, na wanke shi tas da sabulu, na shafe shi da humrar Ummana. Da na mayar da shi, uwar ta sunsuna shi sau ɗaya, ta tunkuye shi har ya wuntsila.

"Halas, shi ke nan," in ji Abba, murya a sanyaye. "Ba ta san shi ba yanzu. In bai sha nonon farko ba, ba zai kai gobe ba."

Bayan magariba Sitti ta hura gawayi ta ɗora shayi. Ina rakuɓe ina kuka da ɗan ragon a cinyata.

"Matso nan, uwar iya yi," ta ce. "Ango kika mai da shi, ko? Yalla, maza share hancin. Ga ta nan, ta taho a ƙasa tun daga Katsina."

"Ta zo ta sha shayi," na amsa da ƙyar, kamar yadda ta koya mana amsawa in za ta fara tatsuniya.

Wai wani ɗan rago ne ya faɗa rijiyar aljanu, ya fito yana ƙamshin da babu irinsa a duniya. Tsuntsaye suka yi ta binsa, 'yar sarki ta aiko a kawo mata shi. Shi kuwa uwarsa yake so, ita kuma ta ce ba ta san wannan baƙon ba. Kura ta ce ya zo ta riƙe shi, ya ƙi. Ya je ya kwanta a turken uwar. Ta tunkuye shi, ya dawo. Ta sake, ya dawo. Yana birgima a inda take kwanciya, har ƙamshin aljanu ya gudu, warin gida ya kama shi. Ranar nan ta sunkuyo ta lashe shi.

"Sitti, sau nawa ta tunkuye shi?"

"Wa ya ƙirga? Mai ƙirgawa shi ke gajiya. Tashi ki ɗauko min gishiri."

Muka shiga garke. Sitti ta matse tunkiyar da bango da gwiwarta, tsohuwar da ke kukan ciwon baya kullum. Ta tatso nonon ta shafe kan ɗan ragon da gindin wutsiyarsa, ta barbaɗa gishiri, ta sa na kai bakinsa hantsa. Uwar ta yi ta harbi, ta take min ƙafa.

"Kar ki sake shi, ya binti, 'yata! Ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Haka muka yi ta yi har wayewar Asabar. Na shigo da ciyawa na tarar uwar tana lasar gishirin, shi kuma yana tsotso, wutsiyarsa na rawa.

Na girma ina karanta littattafan soyayya, ina zaton so da kallo ɗaya yake sauka. Sai da na haifi ɗana bakwaini, ya yi makonni a kwalba, na gane ba kullum ba ne. Ranar da aka miƙo min shi yana warin magani, na duba zuciyata na ji shiru. Kunya ta hana ni gaya wa kowa, Sitti kuma ta riga mu gidan gaskiya.

Na kulle ɗaki, na cire masa riga, na kwantar da shi a ƙirjina. Ya ƙi nono, na sake ba shi. Ya ƙi, na sake. Ban ƙirga ba. Wata safiya na sunkuya na sunsuna tsakiyar kansa, na ji warina ne.