Lambatun da Muka Karkata Gabas

Ƙungiyar unguwarmu a Gummi ni na fara kawo maganarta. Ina so a san wannan tun da wuri, don yanzu ba mai tunawa. Ni na bi gida gida ina roƙon magidanta mu haɗu mu riƙa yashe lambatu kafin damina, kuma a ƙofar gidana aka shimfiɗa tabarmar zaman farko. Amma da aka zo zaɓen shugaba, sai jama'a suka ɗaga wa maƙwabcina hannu, baƙon da aikin zinari ya kawo wajen Anka, daga baya ya sayi gida a layinmu. Ni aka ba ni mataimaki. Na yi murmushi na ce Allah ya taya riƙo.

Na nemi abin da zan kushe shi da shi na rasa. Ga fara'a, ga gaisuwa, in ana aikin gayya shi ne farkon shiga taɓo. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da mugu ne ai da na huta.

Wata rana bayan la'asar, a wurin zama, ya kawo shawarar a haƙa sabon lambatu, a karkata ruwan layinmu gabas, don can ya fi kusa da fadama. Ni kuwa na san gabas. Tsohon kududdufi ne da aka cike tun ina ƙarami, ruwa in ya je can kwanciya yake, kuma gidan tsohuwa mai daddawa, ƙawar Innata, shi ne a gangare. Shugaba ya juyo ya dube ni.

"Malam, kai da anka haihwa nan, mi kag gani?"

"Yadda shugaba yac ce, hakanan za a yi," na ce.

So nake ruwa ya tsaya a layi, shugaba ya ji kunya, a ce da ma ni aka zaɓa. Na tuna da tsohuwar, ba zan yi ƙarya ba. Kau da kai na yi.

Aka haƙa lambatun gabas. Da ruwa ya sauka sosai, wata safiya muka tarar katangar ɗakinta ta zube. Allah ya tsare, ba ta ciki, amma kalwarta ta shekara duk ta jiƙe ta ruɓe.

Na tafi zama da shirin kallon yadda za a yi masa kaca-kaca. Kafin kowa ya buɗe baki ya miƙe tsaye.

"Jama'a, laihina na. Ni nic ce a bi gabas, a gahurta mani."

Washegari shi ne da ƙafa cikin kwaɓin ƙasa, ana tayar da katangar. Mutane sai yabonsa suke, tsohuwar na zaune a kan turmi tana sa masa albarka. Ina miƙa tubali ina jin haushi, har albarkar nan sai da na yi masa hassadarta.

Da muka tsaya shan ruwa, ta kira ni gefe, ta rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Ɗana, shi baƙo na, bai san wurin ba. Kai da kay yi wanka cikin kududduhin nan, ina kake ranar?"

Ranar da aka yanke shawarar kuwa, ina nan zaune a daman shugaba.