Waken Ƙirga a Shagon Anti Asta

Anti Asta ba ta da yawan magana, ni kuwa mutumin da ba ya magana ban cika yarda da shi ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinta, muna saƙa suwaitar 'yan makaranta a wani shago kusa da Tina Junction, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. A Naraguta aka haife ta, haƙar kuza ce ta kawo kakanta garin. Saƙa kuma a wurin maƙwabciyarsu Mama Cordelia ta koya tun tana budurwa. Da inji ɗaya ta fara a zauren gidansu. Lokacin da na zo sun zama huɗu, duk tsofaffi, abin ƙirga layinsu ya daɗe da mutuwa. Shi ya sa kowace masaƙiya take da gwangwani da wake a gefenta. In kin saƙa layi goma, ki jefa ƙwaya ɗaya. Wake goma sha huɗu, hannun rigar ɗan aji uku ya cika.

Injin bakin ƙofa nawa ne, kuma ba yabon kai ba, babu mai saurina. Ina saƙa ina gaisawa da masu keke Napep, ina tsokanar mai gasa masara, ina ba wa iyayen yara labari har su manta da fushin da suka zo da shi. Anti Asta na can ƙurya tana haɗa hannayen riguna da jikinsu, sai dai ta ɗago ta dube ni ta mayar da kai. Da yamma ta cusa kaya a jakar bakko ta tafi gida.

Farkon Satumbar bara, makarantu sun dawo hutu, aiki ya yi mana yawa, ta kira ni gefe.

"Raliya, daga gobe ke za ki riƙa zuwa makarantu. Ki auna yara, ki gana da shugabanninsu. Theodora za ta hau injinki."

Theodora! Yarinyar da watanta bakwai kacal a shagon, wadda ko gaisuwa sai an ciro mata daga baki. Na ce, "To, Anti," amma raina ya ɓaci matuƙa. Ruwa ba ya tsami banza. Na san kora da hali in na gan ta: yau a raba ki da inji, gobe a ce babu abin da za ki yi.

Na ɗauki tef na shiga gari. Na je Kuru, na je Bukuru, cikin wata guda na samo makarantu uku da ba mu taɓa yi wa aiki ba. Anti Asta ta ce, "Madalla." Ni ko madallar ma sai da na juya ta a raina, ko tana nufin wani abu. In na dawo na tarar da su biyu suna magana ƙasa-ƙasa, sai in ce da ni ake. In sun yi shiru, in ce don na shigo ne.

Wata rana na ritsa Theodora ita kaɗai, na fara bugun cikinta. Ta rantse ba ta san komai ba, sannan ta ƙara da gurguwar Hausarta:

"Ni dai abu ɗaya na gani, Anti Raliya. Tun da ka bar inji, Madam bai sake ɗauka jaka ya tafi gida ba."

Shi ke nan, na haɗa zancen. Ashe saƙata ake kwashewa a jakar nan ana kai wa yarinya ta kwaikwaya a ɓoye. Yanzu ta iya, an gama da ni. Na ce wallahi ba zan tsaya a kore ni ba, ni zan sallami kaina, kuma a gaban idonta.

Ranar Asabar da hantsi na yi sallama a gidanta na Naraguta. Ko ruwan da ta kawo ban sha ba, na zazzage mata abin da ke cikina tas. Ta saurara har na gama, sannan ta shiga ɗaki ta jawo jakar. Ta zaro hannayen riga biyu masu ruwan toka ta shimfiɗa a tabarma, kai da kai.

"Saƙar wa ce wannan?"

"Tawa ce."

Ɗaya ya fi ɗaya tsawo da yatsa uku. Ta zaro wasu biyu, haka. Wasu biyu, wannan karon har da ɗan ƙari.

"Ragowar na watan Agusta ne, ban iya ƙarasa su ba," in ji ta. "In kina hira, wani lokaci ki jefa wake biyu, wani lokaci ki manta ki jefa. Kullum nakan kawo su gida in warware in daidaita, da safe in mayar."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwanki."

Kunya ta rufe ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce me ya hana ta faɗa mini tuntuni.

"Na faɗa miki sau ɗaya, a shekarar farko. Kwana huɗu kika yi ba ki zo ba, shagon ya zama kamar gidan makoki. Iyaye suna leƙowa suna cewa ina mai surutun nan. Tun ranar na san abin da kika iya, na kuma san ba saƙa ba ce. Laifina ne da na bar ki a kan inji har yau, tsoron fushinki nake yi."

Ta miƙo hannuwanta don ta naɗe kayan, sai a lokacin na dube su da kyau. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, manuniya ta karkace, zaren ma da ƙyar take kama shi.

"Ba korarki nake yi ba, Raliya," ta ce. "Yatsun nan ne ba za su iya ci gaba da rufa miki asiri ba."