Baba da Wuyan Rigar Auta

Babanmu tela ne, irin wanda in ka ce ɗinkinsa ya matse, kun ɓata har abada. Sai ga rigar makarantar Auta tana shaƙe mata wuya. Ya farke ya ƙara, ta sake matsewa. Ya zagi tef, ya zagi yadi, ƙarshe ya ce hannunsa ya mutu, zai rufe shago.

Mama ta kai Auta asibiti. Likita ta ce maƙoƙo ne, garkuwar jikinta ke faɗa da wuyanta, amma akwai magani.

Baba ya rungume Auta yana hawaye. Can ya ɗago: "Likita, wato awona daidai ne?"

Mama ta ce, "Malam, jira mu a waje."