Kabarin Shef Bawa Yana Ƙetaren Gulbi

Ina shan koko a bakin biro, wato ofishinmu, da safe wayar Kojo ta shigo. Kojo shi ne babban 'yan kwana-kwana na Malanbil, garin ƙasar Benin da ke kallon Gaya daga ƙetaren gulbi. Mutumin kudu ne, Kirista, Hausarsa ta kasuwa ce, kuma bai taɓa kirana bai fara da tsokana ba. Ran nan sallama kawai ya yi, sannan ya ce, "Hamidu, Shef ya tafi. Bayan sallar asuba, a gidana." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye kofin a ƙasa.

Shef Bawa shi ya shugabanci aikin ceto da kashe gobara a nan Gaya kafin ya yi ritaya ya bar mini kujerar. Ritayar ma ta baki ce. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, tarurrukan da muke yi da abokan aikinmu na Benin da na Najeriya suka tsaya, sai tsohon ya mai da kansa ɗan aike. Ya sa jallabiya, ya shiga kwalekwalen 'yan kasuwa, ya je ya gaya musu inda ruwa ya kai a wajenmu, ya dawo mana da labarin nasu. A tafiyarsa ta ƙarshe ruwa ya cika yana can, hukuma ta hana ƙananan kwalekwale ƙetarewa, ya zauna gidan Kojo yana jira. A nan ciwon ƙirji ya same shi.

Ni na kai wa matarsa, Hajiya Zali, labari. Ta saurare ni har na gama, ta gyara mayafi, ta ce, "Hamidu, abu guda nika roƙonka. Ka kawo min shi gida. Kusa ga uwatai yac ce a sa shi." Na ce mata in sha Allahu kafin la'asar yana Gaya. Da bakina na faɗa, kuma na yi imani da abin da na faɗa.

Wanda bai yi aiki a ƙarƙashinsa ba, zai ɗauka mutum ne mai sanyi. Mu da muka yi mun san ba haka ba ne. Yana iya tsayar da kai a rana saboda ka naɗe tiyo a karkace, in ka gama shan faɗa kuma ya tura maka kwanon shinkafarsa ya ce shi ya ƙoshi, alhali kowa ya san bai ci ba. Ba ya son a ce masa "ba aikinmu ba ne". In ka faɗa, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "To na wa ne? Hwaɗa min sunanshi in kira shi."

Abin da ya sa shi fara ƙetare iyaka wata gobara ce da ta tashi a inda manyan motoci ke kwana, ina sabon shiga aiki. Ruwanmu ya ƙare, ya roƙi taimako daga wani gari na Najeriya da ke kusa, suka zo da motarsu cike da ruwa, da gudu, da zuciya ɗaya. Da aka zo haɗa tiyonsu da namu, baki ya ƙi shiga baki. Nasu ƙirar Ingila ne, namu ƙirar Faransa. Ga ruwa, ga wuta, ga ƙarti majiya ƙarfi, muka koma ɗiba da bokiti kamar masu wanki. Abin da ya ƙone ya ƙone. Shef bai zagi kowa ba. Ya yanko bakin tiyo ɗaya nasu, ɗaya namu, ya kai wa maƙeri, ya zauna a kansa har ya ƙera mahaɗin da ke karɓar kowanne. Sannan ya bi gari gari yana raba musu, kamar mai rabon goron suna.

Daga nan ya ɗauri aniyar sai mun san juna. Taron farko da aka yi, na Benin da mu muna Faransanci, na Najeriya suna Turanci, tafinta yana ta gumi a tsakiya. Shef ya ɗaga hannu ya tambaya ko akwai wanda ba ya jin Hausa ko Dendi a ɗakin. Ba kowa. Ya ce, "To a sallami bawan Allah ya je ya huta. Wuta ba ta jiran tafinta." Ya kuma nace duk taro sai an ci abinci a kwano ɗaya, domin a cewarsa wanda ka ci tuwo da shi ba ya ganin kiranka ya mai da waya aljihu. A lokacin mun ɗauka son cin tuwo ne kawai irin na tsofaffi.

Shi ya kawo tsarin miƙawa a tsakiyar ruwa. Mai kaki ba ya taka ƙasar wani ba izini, izinin kuma ba ya zuwa da wuri. Saboda haka in an ciro ɗan wancan gefe a wannan gefe, mai rai ko gawa, jirginmu da nasu sukan haɗu a tsakiyar gulbi, a riƙe baki da baki, a miƙa. Ya kuma sa duka ɓangarorin uku suka yarda da ƙa'ida ɗaya: in ruwa ya ci gari, duk jirgi mai inji da ke kusa na wannan garin ne, ko tutar wa yake ɗauke da ita.

Da wannan tsarin nasa muka shirya ɗauko shi. Zuwa hantsi hukumomin gefe biyu sun yarda. Mun zuba mai a jirgi, mun shimfiɗa tabarma, an kawo farin ƙyalle. A maƙabarta an fara haƙa. Ina sa ƙafa a jirgin aka kira ni daga wani ƙauye na gefenmu da ke ƙasa da garin Tunuga. Katangar ƙasar da ta tare gulbi ta fashe, ruwa ya shiga gari, mutane suna kan rufin ɗaki da kan itatuwa, ɗakunan kuma na laka ne.

Jirgi mai inji ɗaya gare mu. Kojo ma ɗaya gare shi. Na kira shi na ce, "Shef Kojo, yaya za mu yi?" Ya ce, "Kai ne shef yanzu, ba ni ba." Wallahi a wannan lokacin haushin marigayin na ji. Shi ya ɗaure mu da wannan ƙa'idar, ga shi ta faɗo a kansa, ya bar ni da ita a hannu.

Na san aikin ba na yini ɗaya ba ne. Na san zafin da ake yi, kuma babu inda za a ajiye gawa ta jira mu. Limamin unguwar su Kojo ya riga ya ce bai kamata a wuce la'asar ba. Na kira Hajiya, na gaya mata komai, ban rage ba. Ina jin kukan mata a bayanta. Sannan ta ce, "In da shi na tsaye inda kake, ina za shi?" Na ce ƙauyen. Ta ce, "To mi kaka tambayata? Ku tahi. Ka ce ma Kojo su yi mishi sutura mai kyau."

Muka juya kan jirgin muka bi ruwa. Kafin mu isa, jirgin 'yan Najeriya da shugabansu Oga Umaru yana can, don su suka fi kusa. Na Benin ya iso bayanmu da mataimakin Kojo a ciki. Shi Kojo ya tsaya. Mutumin da bai taɓa shiga sahun salla ba, shi ya nemo likkafani, shi ya tara jama'a, ya tsaya gefe aka yi wa Shef salla, sannan ya sa kafaɗarsa a makara. Da la'asar ya kira ni ya ce, "Muna sa shi yanzu." Ina riƙe da wata tsohuwa da muke saukowa daga rufin ɗaki, ruwa yana jan jirgin. Ban iya ko kashe inji ba. Na ɗaga murya na gaya wa Oga Umaru, ya cire hula ya shafa addu'a da hannu ɗaya, ɗayan yana kan igiya. Jana'izar da muka yi wa maigidanmu ke nan.

Sai washegari da yamma na samu zuwa gidan makoki, da taɓo har gwiwa. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na kasa ɗaga ido, domin na yi mata alkawari ban cika ba. Ta ce, "Kun hiddo su?" Na ce mun fito da su. Ta ce, "Duka?" Na ce duka, Hajiya, ba a rasa rai ba. Ta gyaɗa kai, ta dubi wajen gulbi, ta ce, "Alhamdu lillahi. Shi ɗai anka bari can ke nan."

Ramin da aka haƙa masa kusa da mahaifiyarsa an mai da ƙasarsa. Har yau Hajiya ba ta ga kabarin mijinta ba.

Ya Allah, ga bawanka Bawa, ya zo maka baƙo a ƙasar da ba tasa ba. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa wahalar da ya sha a kan bayinka ta zame masa haske. Ka saka wa waɗanda suka suturta shi da alheri. Ka ba Hajiya Zali da 'ya'yansa haƙuri, ka rufa musu asiri, ka buɗe mata hanya ta je ta tsaya a kansa ta yi masa addu'a. Mu kuma da muka rage, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.