Zugazugin Bakano

Jirgin maigidana ba na kaya ba ne, ba kuma na kamun kifi ba. Na burga ne kawai. Ƙaramin jirgi ne mai tururi, siriri, ja da fari, wanda ya sa aka kawo masa daga Ingila don ya riƙa wuce mutane a kan ruwa suna bin sa da kallo. Ni ne mai hura masa wuta. A lokacin ni bawa ne a gidansa na Bitoriya, unguwar attajirai da ke kan tudu a birnin Bahiya, can ƙetaren teku, kuma na kusa shekara ashirin da sauka daga jirgin bayin da ya kawo mu.

In tukunyar tururin jirgin nan ta yi zafi, babu abin da ke kamo shi. Kafin ta yi zafin ne ake shan wuya. Bakin murhun ƙanƙane ne, iska ba ta shiga sosai. Ashana ta sha raɓar teku, sai ka ƙyasta goma ɗaya ta kama. Kwal kuwa sai hayaƙi, ya cika mini ido da hanci, wutar tana ta yanga.

Maigida da mijin ƙanwarsa suna tsere duk Lahadi. Sharaɗinsu shi ne a fara wutar kowa tana mace. In ƙararrawar coci ta buga, kowa ya kunna, wanda ya riga isa bakin ruwan unguwar Itapajipi ya ci. Lahadi uku a jere ana barin mu a tasha, ni ina tari, shi yana zagi. A ta ukun bai ma yi zagin ba. Ya dube ni ya ce, in aka sake wuce shi, zai sa ni a jirgin kudu, can gonakin kofi.

Ina da mata, Bayarabiya ce 'yantacciya, tana soya ƙosai a bakin tasha. Muna da 'ya ɗaya mai shekara shida. Wanda aka kai kudu ba ya dawowa, ko labarinsa ba a ƙara ji. Na tsorata, tsoron da ban taɓa yin irinsa ba tun cikin jirgin bayi.

Matata ce ta ce in je wurin tsohon maƙerin Itapajipi. Bakano ne, ya daɗe da samun 'yanci, yana ƙera ƙugiyoyi da ƙusoshin kwalekwale. Mu Hausawan garin mun riga mun ƙaranta, kowa ya koma Yarabanci da Fotugis, amma shi da Hausa yake zagin ƙarfe in ya ƙi lanƙwasa. Ni kuma Bazazzagi ne, to kun san tsakaninmu da Kanawa. Ina yin sallama ya ɗago kai.

"A'a, bawana ne? Me ka sato yau?"

"Baba, ba wasa ya kawo ni ba."

Na faɗa masa komai. Ya ajiye guduma, ya sa na zana masa murhun a ƙasa da tsinke. Ya tambayi faɗin ƙofar toka, na gwada masa da tafin hannu. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Wato Turawa sun ƙera maƙera, suka manta da zugazugi! Kai kuma ka zauna kana hura ta da baki kamar mai dafa kunu. Kai, Zagezagi, Allah ya shirye ku."

Raina ya ɓaci, don ni rabuwa da iyalina nake gani, shi yana dariya. Har na miƙe zan tafi. Ya ce, "Zauna. Wa ya isa ya sayar da bawana ban sani ba?"

Kwana huɗu ya yi a kan aikin. Ya samo fatun akuya biyu da aka feɗe ba tare da an tsaga cikinsu ba, ya jeme, ya shafe su da man kifin da masunta ke kawowa daga Itapuwa don kada gishiri ya cinye su. Ya ƙera bututun ƙarfe mai baki biyu, daidai ƙofar tokar. Ya hana ni ashana. Ya ba ni ƙyastu na ƙirarsa da ƙanƙara da audugar rimi a cikin ƙahon sa mai murfi, inda raɓa ba ta shiga. Ya ce in fara da ɓawon kwakwa busasshe, sannan gawayin itace, kwal daga ƙarshe. Zugar ce ta ba ni wahala. Hannun dama ya sauka, na hagu ya tashi, kada iskar ta yanke. In na rikice sai ya buge mini gwiwar hannu da awartaki, ya ce ko jaki ya fi ni kai. Ladansa kuwa, ya ce a kawo masa ƙosai mai zafi, kada a cika barkono irin na Yarabawa.

Ranar Asabar na ɗaura bututun, na naɗe fatun na tura ƙarƙashin benci. A nan na yi wauta, ban gaya wa maigida ba.

Lahadi da hantsi ya shigo jirgi da farin wandonsa, ƙafarsa ta taɓa fatar. Ya jawo ta, ya ga ɗinkin da ke jikinta, ya ga ƙahon, sai fuskarsa ta yi fari. Mutanen Bitoriya ba su manta da tawayen da bayi Musulmi suka yi ba. Fata ɗinkakkiya a hannun irinmu, a wurinsu laya ce, laya kuma shirin yanka su ne. Ya ja da baya yana tambaya wane tsafi na sa masa a jirgi, yana waigen 'yan sandan tasha. Na buɗe baki, Fotugis ɗina ya gudu ya bar ni. Ban san sunan zugazugi a harshensu ba.

Ƙararrawa ta buga.

Ban nemi izini ba. Na karɓe fatar daga hannunsa, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba, na durƙusa. Bugu biyu audugar ta kama. Na tura ta cikin ɓawon kwakwa, na ce bismillahi, na fara zuga. Dama, hagu, dama, hagu. Wutar da ta shekara tana yi mini yanga ta tashi da gurnani. Allurar awon tururin tukunya ta fara motsi. Maigida ya daina waige, ya sunkuyo yana kallonta, har ya manta yana tsoro. Muka bar tasha, mijin ƙanwarsa yana can cikin hayaƙi yana dukan nasa mai wutar da hula.

Da muka kusa Itapajipi na hango tsohon a bakin ruwa, hannu a baya, kamar iska ya fito sha.

Maigida bai gode mini ba. A satin ya sa aka rufe zugazugin da akwatin katako mai fenti, ya riƙa gaya wa abokansa sabuwar na'ura ce daga Ingila. Abin ya ci mini rai, har yau ma in na tuna sai na yi tsaki. Amma maganar kudu ba ta sake tashi ba, don babu wanda ya iya zugar sai ni. Na ga 'yata ta girma, ni na aurar da ita.

Da yammacin ranar tseren na kai wa tsohon ƙosai a ganye. Na durƙusa zan yi godiya, sai hawaye. Ya ɗauki ɗaya ya gutsura, ya ce barkonon ya yi yawa.

"Tashi, bawana, kada ka jiƙa mini gawayi."

Bayan shekara bakwai ya rasu. Mu uku muka yi masa wanka, mu biyar muka yi masa salla. A ƙasar nan mutane da yawa sun kira ni bawa, wasu da bulala a hannu, kuma na yafe abin da zan iya yafewa. Shi kaɗai ne in ya faɗa nake jin ina gida. Tun ranar da muka rufe shi babu wanda ya sake kirana haka da Hausa, kuma ina kewar jin sa. Allah ya jiƙan Bakanon nan, ya haskaka kabarinsa.