Kunnena Ya Hana Baba Tashi

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ke tsuke bakin aljihu, ni makanike ne a Manchester, an sallame mu daga garejin motocin ƙaramar hukuma, ina zaune a unguwar Longsight ba aiki sai girman kai. Ɗan gado ne ni. A Kano mahaifina ya koya mini in ɗora sukundireba a jikin inji, in kara ƙotar a kunne, in faɗi ciwonsa kafin a kwance ko noti ɗaya. Da wannan kunnen nake taƙama.

A lokacin na haɗu da wani dattijo mutumin Jos, mazaunin Birmingham, da nake kira Baba. Shekara da shekaru yana haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa, ya sa masa injin wata tsohuwar mota, irin wanda ba shi da fistin, cikinsa juyawa kawai yake yi. Likita ya gaya masa idonsa na raguwa, in bazarar nan ta wuce ba zai ƙara tuƙa jirgi ba. Kowace Asabar sai in hau mota in tafi. Mu zauna ƙarƙashin fiffike muna shan shayi, yana ba ni labarin yadda gonaki ke zama kamar tabarma in an dube su daga sama, har in ji ƙafata ta bar ƙasa. A hanyar dawowa gajimare nake kallo, ina zaɓar wanda za mu ratsa.

Matsala ɗaya ce. In an ba injin wuta sosai ya ɗau zafi, sai wata jar fitila ta kama, alamar fetur na fashewa lokaci guda a ciki maimakon ya ci a hankali. Baba ya ce mu rage masa ƙarfi, mu ƙara masa mai, mu bi shi sannu. Na kara kunne, na ji shi sumul. Na ce masa na'urar ce ke ƙarya, ni da aka haifa a gareji ba fitila ce za ta koya mini inji ba. Ya dube ni ya ce to ɗana, ya yarda da kunnena. Da hannuna na cire wayar fitilar.

Ashe irin wannan injin ba ya ƙwanƙwasa yadda kunne zai ji sai ya riga ya yi ɓarna. Ranar gwajin ƙarshe, jirgin na ɗaure a ƙasa, Baba a ciki yana murmushi, sai ƙarar ta shaƙe, farfela ta yi sanyi ta tsaya. Da muka buɗe, ƙarafan da ke riƙe iska a ciki sun farfashe. Kafin a samo wasu bazara ta wuce.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Cewa kawai ya yi gara da abin ya faru a ƙasa, ya kuma tambaye ni ko na ci abinci. Wallahi har yau wannan tambayar na ci mini rai.

'Yan uwana masu sana'a, gwanintar da kuka gada tana da iyaka. In na'ura ta yi gargaɗi kunnenku bai ji ba, ku kashe injin ku tambaya. Ni ban tambaya ba, kuma Baba ya rasu bai taɓa ɗaga jirginsa ko taku ɗaya daga ƙasa ba.