Na Jira Rakiya a Small Heath

Shekarun baya, da sojoji suka karɓe mulki a ƙasarmu, an kwashe wani minista da duk wanda aka tarar a ofishinsa. Cikinsu har da yayana, wanda aikinsa bai wuce buga takardu da ɗaukar fayil ba. Wata huɗu ba kotu, ba labari. Ni ina Gorton a Manchester ina tuƙa bas, amma a ganin mahaifiyata duk wanda ke Ingila da manya yake cin abinci.

Sai aka ce sabuwar gwamnati ta turo jakada. Turawa sun dakatar da hulɗa da su, shi ne ya zo lallashi, kuma zai biyo Birmingham ya gana da 'yan ƙasa. Mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Ka je ka same shi. Ka gaya masa ɗan'uwanka ko kaza bai iya yankawa ba." Na ce to, Inna. Na zauna na rubuta wasiƙa shafi biyu, rabinta gaisuwa ce.

'Yata ce ta kai ni a motarta. A nan aka haife ta, nas ce, ba ta san zagaye-zagaye ba. A wani zauren taro da aka kama haya a unguwar Small Heath jakadan ya yi awa ɗaya da rabi yana magana: za a gyara kotu, za a gyara asibiti, za a yi zaɓe da zarar an share ƙasa. Wallahi tun ina firamare nake jin wannan waƙar, mawaƙin kawai ake canzawa. A layin gaba akwai wani Bature da littafin rubutu, an ce gwamnatin Ingila ce ta turo shi ya saurara. Jakadan ya dube shi ya ce, "Babu mutum ɗaya da muke tsare da shi ba shari'a."

Aka ce mai tambaya ya ɗaga hannu. 'Yata ta zungure ni. "Baba, ɗaga hannu, now. A gaban wannan mutumin za ka faɗa, shi suke jin tsoro."

Na harare ta na ce, "Ke, ba a ƙaryata babba a gaban baƙo. Roƙo a rakiya ake yin sa."

Haka muka taso. Ka bar babba ya gama, ka raka shi, a hanyar zuwa mota ka rage murya ka faɗi buƙatarka, ba ka kunyata shi ba. Har da taƙama na yi mata bayanin. Gaskiyar magana kuma, ana ɗaukar bidiyo, kuma na ji tsoro.

Abin da ban tuna ba, Small Heath ba gida ba ce. Direban jakadan ya ajiye mota a kan double yellow, inda aka hana tsayawa, ga warden mai rubuta tara tsaye a kansa. Daga ƙofa zuwa mota taku biyar ne, shi ma da sassarfa aka yi. Ina juyawa sai ga mu kusan talatin, kowa da ambulan a hannu. Ashe duk rakiyar muke jira, shi ya sa a ciki ba wanda ya ɗaga hannu sai mai tambaya kan fasfo. "Ranka ya daɗe" kawai na samu na faɗa. Ya ce Allah ya yi albarka, gilashin motar ya tashi.

Har muka iso Manchester idon 'yata na kan titi, ko kallona ba ta yi ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Muna shiga gida Inna ta kira.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Ka yi masa magana?"

"Na yi."

Ba da daɗewa ba Turawa suka maido da hulɗa, aka yi ta musabaha a talabijin. Yayana kuwa sai da ya ƙara wata bakwai kafin a sako su, ba wanda ya gaya musu dalilin kamun, balle na sakin. Ya fito ido ɗaya ya daina gani, saboda ciwon sukari ba magani.

Ban sani ba ko da na ɗaga hannu da wani abu ya canza. Wataƙila da ni ma an rubuta sunana. Na gaji da juya wannan tunanin, kamar yadda na gaji da jin an ce wannan karon gyara za a yi. Abin da na sani, ladabin da aka koya mana ya fi yi wa jakadan amfani a kan yayana.

Har Allah ya yi wa Inna rasuwa tana gaya wa maƙwabta ɗanta na Ingila ne ya yi wa jakada magana aka saki ɗan'uwansa. Wasiƙar tana nan a aljihun kwat ɗina, ban buɗe ba, ban yar ba. Duk Sallah yayana kan kira ni ya ce, "Ba don kai ba da can zan mutu, Allah ya saka maka da abin da ka yi mini." Ni kuma in ce amin.